Daga Leiden zuwa Kinderdijk: masu gonakin da suka yi ƙarni takwas suna korar ruwa

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Leiden zuwa Utrecht a ƙasar Holan yana bin gefen tsohon Kogin Rhine ne, ta Alphen da Bodegraven da Woerden. Na samu kujerar taga, kuma tun kafin in sauka na fara ganin abin da ya kai ni ƙasar. Fili ne shimfiɗe har iyakar ganin ido, an yanka shi dogaye-dogaye, sirara. Tsakanin kowane yanki da na kusa da shi akwai magudana miƙe sambal, cike da ruwa, saura taƙi biyu ya taɓa ciyawa. Babu shinge ko ɗaya, magudanar ce shingen, saniya ba ta tsallake ta. Da na sauka na shiga filin da ƙafa, sai na lura cewa babbar hanyar ruwan da ke gefe ta fi gonakin tudu: ɗaga kai nake yi kafin in ga kwalekwale yana wucewa.

Shekara 1,000 da suka wuce, nan duk fadama ce da ba ta shiguwa. Ciyayi da gansakuka sun yi dubban shekaru suna mutuwa cikin ruwa ba tare da sun gama ruɓewa ba, har suka taru suka zama baƙar ƙasa mai kaurin mitoci, wadda mafi yawan nauyinta ruwa ne. A lokacin ta fi teku tudu. Daga ƙarni na 11 zuwa na 13 basaraken yankin Holan da bishof na Utrecht suka riƙa sayar wa ƙungiyoyin manoma izinin buɗe ta. Ma'aunin kusan ɗaya ne ko'ina: kowane magidanci zai samu yanki mai faɗin kamar mita 110 da tsawon kamar mita 1,250, wato wajen hekta 14. Ana farawa daga bakin kogi, a haƙa magudanai zuwa cikin fadamar, a ƙarshen gonakin kuma a tayar da ƙaramar jinga don kada ruwan dajin da ba a buɗe ba ya kwararo. Waɗannan manoma ba bayin kowa ba ne. Ɗan haraji kaɗan suke biya na amincewa da sarauta, sauran al'amuran ƙauyensu, har da na ruwa, su ke yanke wa kansu hukunci. Layukan da na gani ta taga su ne waɗancan iyakokin, ba su gusa ba.

Da farko abin ya yi kyau, har hatsi aka noma. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Wannan baƙar ƙasa, da zarar an tsane mata ruwa sai ta motse, iska kuma ta shige ta, ta ci gaba da ruɓewar da ruwa ya tsayar tun tuni. Ƙasa sai ta riƙa sauka, rabin santimita zuwa santimita ɗaya a shekara. Bayan shekara 100 gonar ta sake jiƙewa, a ƙara zurfafa magudana, ƙasa ta ƙara sauka. A haka hatsi ya gagara aka koma kiwon shanu, a haka kuma gonakin suka gangara ƙasa da kogin da a da suke zuba masa ruwa. Duk abin da na gani a sauran tafiyar, daga jinga zuwa injin iska zuwa haraji, wannan saukar ƙasar ce ta haifar da shi.

Tsakanin Alphen da Bodegraven akwai ƙauyen Zwammerdam, inda aka yi rigimar da ta nuna cewa ƙauye ɗaya ba zai iya da ruwa shi kaɗai ba. Yashi ya toshe bakin kogin a Katwijk, ruwa ya rasa hanyar fita teku, sai basaraken Holan ya datse kogin a kan iyakarsa don kada ruwan Utrecht ya ƙaru a kan nasa. Mutanen Utrecht suka fara nutsewa, bishof ya kai ƙara, a 1165 Sarki Frederick Barbarossa, wanda ke sama da su biyun, ya ba da umarnin a cire datsiyar. Maganin da aka samu daga baya shi ne karkatar da ruwan gaba ɗaya zuwa arewa, a fitar da shi ta ƙofofin ruwa a Spaarndam kusa da Haarlem, kowane yanki ya ɗauki nauyin rabonsa na ƙofofin. Har gobe akwai ƙofa a Spaarndam mai ɗauke da sunan Woerden, garin da ke da nisan tafiya daga can. Dattawan da ke kula da wannan aiki su ne basarake Willem na 2 ya ba takardar amincewa a 1255, kuma hukumar ruwa ta Rijnland da ke Leiden daga nan take ƙirga shekarunta. Tsohon gidanta yana nan a titin Breestraat. Hukumar ruwa ta Schieland ta biyo a 1273, ta Delfland a 1289.

Yadda suka tafiyar da aikin jinga shi ya fi ɗaukar hankalina, ya fi injinan iskar da kowa ke ɗaukar hoto. Bahaushe zai so ya kira abin gayya, amma gayya da roƙo ake kiranta, wanda bai zo ba sai dai a ji haushinsa. Nan akwai littafi, akwai alƙali, akwai tara. Ana auna tsawon jingar, a raba wa masu gonaki gwargwadon girman ƙasar kowa. Mai hekta da yawa ya samu dogon yanki, mai 'yar gona ya samu taku kaɗan. Ana kafa turaku masu lamba a kan iyakar kowane rabo, a rubuta a littafi. A farkon bazararsu shugaban hukumar, wanda suke kira dijkgraaf, ni kuwa sarkin jinga zan ce masa, yana fitowa da dattawan da masu ƙasa suka tsayar, su bi jingar daga farko har ƙarshe, su faɗa wa kowa abin da zai yi: a ƙara tudu kaza, a cike rami, a shimfiɗa sabuwar ciyawa, a sare itacen da saiwarsa ta shiga jiki. Su sa rana. Idan ranar ta zo su dawo su duba, kafin sanyi su sake dawowa. Sarkin jinga shi ne mai gabatar da ƙara, dattawan su ne masu yanke hukunci, a nan kan jingar. Wanda bai yi aikinsa ba a ci shi tara. Idan ya sake ƙi, a ba ɗan kwangila aikin, a karɓi kuɗin daga hannunsa har da ninki, in babu a kama dabbobinsa ko kayansa. Wanda kuwa nauyin ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, akwai hanyar fita mai ɗaci: ya je ya soka shebur ɗinsa a kan rabonsa na jinga, ya bar gonar. Duk wanda ya zare shebur ɗin ya ɗauki ƙasar da nauyinta tare.

Tsarin yana da adalci a takarda, amma yana da rauni a ƙasa. Jinga guda mai ɗaruruwan masu gyara ba ta zama iri ɗaya. Wannan ya sa yumɓu mai kyau ya daddaɓe, maƙwabcinsa ya zuba abin da ya samu. Mahaɗar rabo biyu ita ce kullum wurin da ruwa ke fara ci. Sannan wanda ƙuri'a ta ba shi lanƙwasar kogi, inda igiyar ruwa ke duka, yana kashe ninkin abin da mai miƙaƙƙen wuri ke kashewa, alhali in ta ɓalle kowa zai sha. Shi ya sa daga ƙarni na 15 zuwa gaba hukumomi suka fara karɓar kuɗi maimakon aikin hannu: haraji a kan kowane ma'aunin ƙasa, ma'aunin Rijnland kuwa kamar hekta 0.85 ne, hukuma ta ɗauki ma'aikata ta gyara jingar baki ɗaya. Canjin bai zo da sauƙi ba, domin mai rabo mai sauƙi ba ya son a haɗa shi da mai wuya. A wasu yankunan sai ƙarni na 19 aka gama kai ruwa rana a kai.

Abin da ke faruwa idan haɗin kan ya watse, ana ganinsa a kudu da Dordrecht. A nan akwai wani babban yanki mai suna Grote Waard, mai ƙauyuka da yawa cikin jinga guda. Yaƙin basasa tsakanin manyan ƙasar ya sa aka yi sakaci da gyara, ga kuma masu haƙar baƙar ƙasa mai gishiri dab da gindin jingar, suna ƙona ta suna fitar da gishiri su sayar. A watan Nuwamba na 1421 ruwa ya ɓalle. An yi ƙoƙarin toshewa, aka yi ta ja-in-ja a kan wanda zai biya, ambaliyar 1424 ta zo ta ƙarasa. Yau wurin dajin ruwa ne da ake kira Biesbosch, ana yawo a cikinsa da kwalekwale.

Kinderdijk na je ta jirgin ruwa na haya daga Rotterdam, tafiyar kamar rabin awa. Nan ne kusurwa mafi gangare ta yankin Alblasserwaard, wanda basarake Floris na 5 ya sa aka kewaye da jinga guda a 1277. A ƙarni na 14 hukumomi biyu, Overwaard da Nederwaard, kowace ta haƙo doguwar hanyar ruwanta zuwa wannan kusurwa don zubarwa cikin Kogin Lek. Hanyoyin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, siririyar jinga ce kawai a tsakaninsu, a kanta baƙi ke tafiya yau. Da ka tsaya a kanta ka san haɗin kan mutanen nan yana da iyaka: maƙwabta biyu, matsala ɗaya, kogi ɗaya, amma ɗaruruwan shekaru kowa da ruwansa da littafinsa da harajinsa.

Injinan iska 19 ne suka rage a nan. Daga cikinsu, takwas na Nederwaard na jan bulo ne, zagayayyu, an gina su a 1738. Takwas na Overwaard na katako ne masu kusurwa takwas da rufin ciyawa, na 1740. Aikinsu hawa na biyu ne. Ƙananan injina a can cikin karkara suna ɗebo ruwan gonaki su zuba a babbar hanyar ruwa, waɗannan kuma su ɗaga shi daga nan zuwa wani tafkin ajiya mai jinga. Idan teku ta janye, kogin ya sauka, sai a buɗe ƙofofi ruwan tafkin ya fita da kansa. Ɗaya daga cikin na Nederwaard a buɗe yake ga baƙi, na shiga na bi aikin daga sama har ƙasa. Fukafukai huɗu ne, daga wannan baki zuwa wancan kusan mita 28. Kan injin kaɗai ke juyawa: mai kula da shi yana murɗa wani wili a ƙasa, da sarƙa da yake maƙalawa a turakun da ke kewaye da ginin, har fukafukan su fuskanci iska. Iska in ta yi rauni sai ya baza tamfol a kan fukafukan gaba ɗaya, in ta yi ƙarfi ya naɗe rabi ko duka. A sama akwai babban wili mai haƙoran katako da ke juya wani ginshiƙi tsaye, ginshiƙin ya sauko ƙasa ya juya wilin kwasar ruwa, wanda faifayensa ke tura ruwa sama ta wani matsattsen lungu na bulo. Haƙoran da kakin zuma ake shafa musu, gindin sandar fukafukai da kitsen alade. A bakin lungun akwai ƙaramar ƙofa da ruwan da ake turawa ke buɗewa, da injin ya tsaya ruwan sama ya mayar da ita ya rufe, don kada abin da aka ɗaga ya dawo. Gaban wilin kuma akwai raga da ke tare ciyawa, kullum sai an kwashe.

Haɗarin da suka fi tsoro gobara ce. Birkin katako ne da ke matse babban wilin na sama. Idan guguwa ta zo ba a rage tamfol da wuri ba, injin ya kwace da gudu, matse birkin a lokacin sai ya yi zafi har ya kama wuta, ga rufin ciyawa. Ɗaya matsalar ita ce iyakar wilin kansa: ba ya ɗaga ruwa fiye da kamar mita ɗaya da rabi. Ƙasa kuwa ba ta daina sauka ba. A 1868 aka kawo injin tururi Kinderdijk, yau kuma manyan famfuna masu murɗaɗɗen ƙarfe ne ke aikin a bakin shiga, ƙarƙashin hukumar Rivierenland.

Injin iska, wanda aka fara amfani da shi wajen tsane gonaki kusa da Alkmaar wajen 1408, ya kawo sabuwar rigima. Kowane rukunin masu gonaki ya kewaye filinsa da jinga, ya kafa injinsa, yana tura ruwansa cikin hanyar ruwa ta kowa da kowa. A lokacin ruwan sama mai yawa, in iska ta hana buɗe ƙofofin teku, hanyar sai ta cika ta fara malala kan masu ƙaramar jinga. Sai manyan hukumomi suka sa alama: ruwa in ya kai nan, kowa ya tsaya. Akwai injinan da aka ware don ba da sanarwa, da rana a tsayar da fukafukai a ɗaga tuta, da dare a rataya fitila, na gaba ya gani ya isar wa na gabansa. Mai injin da ya ci gaba da aiki a ɓoye cikin dare don ya ceci ciyawar ƙauyensu, tara ce mai nauyi ke jiransa.

Arewa da Amsterdam labarin ya canza salo. Beemster tafki ne, ba fadama ba, kuma ba manoma ne suka tsane shi ba, attajiran Amsterdam ne irin su Dirck van Os, da kuɗin fataucin teku. Sun samu izini a 1607, suka kewaye tafkin da jinga da hanyar ruwa, suka jera injina hawa-hawa, wannan ya miƙa wa wancan, tunda ɗaya ba zai iya zurfin ba. A 1610, aiki ya kusa ƙarewa, jingar teku ta ɓalle tafkin ya sake cika. Suka ƙara zuba kuɗi. A 1612 ƙasa ta fito, kimanin hekta 7,000, mita uku da rabi ƙasa da teku, da injina 43 a kanta, aka raba filayen ta hanyar ƙuri'a. Tituna da magudanai a nan murabba'i ne cif, kana tafe a keke ka san da igiyar awo aka zana su. Amma su ma attajiran ba su tsira daga maƙwabta ba: tafkin da suka shanye a da shi ne ma'ajiyar ruwan yankin duka, don haka sai da aka ɗora musu haƙa sabuwar hanyar fitar da ruwa zuwa teku. Da ƙasa ta bushe kuma, dole suka kafa tasu hukumar da sarkin jingarta. A Schermerhorn, kusa da nan, na shiga ɗaya daga cikin injina 11 da suka rage cikin 52 na tafkin Schermer, wanda aka tsane tsakanin 1633 da 1635. Shi murɗaɗɗen famfo gare shi maimakon wili, ana kallonsa yana juyawa ta gilashin da aka sa a daɓe.

Tafkin Haarlem ya fi ƙarfin masu ƙasa da attajirai duka. Bayan guguwar 1836 ta kora ruwansa har ƙofar Amsterdam da Leiden, gwamnati ce ta ɗauki aikin, da injinan tururi uku. Na Cruquius yana nan an mayar da shi gidan tarihi: tukunyar fistin guda mai faɗin mita 3.66 a tsakiya, hannuwan ƙarfe takwas sun leƙo ta tagogin ginin, kowanne yana ɗago lita 8,000 a bugu ɗaya. Daga 1849 zuwa 1852 aka shanye hekta 18,000. Filin jirgin saman Schiphol a gindin wannan tafkin yake.

Yawan hukumomin shi kansa ya zama ciwo. Wajen 1850 sun kai 3,500, a 1950 akwai kusan 2,600, wasu 'yan gonaki kaɗan ne ke ƙarƙashinsu, ba injiniya, ba kuɗin kirki. Ambaliyar daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953, wadda ta kashe mutum 1,836, ta tona wannan asiri: jingar da ke kare dubban mutane tana hannun ƙaramar hukumar da ba ta da halin ɗaga ta. Daga nan aka shiga haɗe su. Yau saura 21. Suna karɓar harajinsu da kansu, sama da Yuro biliyan 3 a shekara, ba sa jiran kasafin gwamnati, suna kula da jinga kusan kilomita 18,000 har da tace ruwan ƙazanta. Ana zaɓen majalisunsu duk shekara huɗu, mazauna gari ma suna jefa ƙuri'a tunda su ma suna biya, sai 'yan kujeru da aka keɓe wa manoma da masu kula da gandun daji. Sarkin jinga kuwa gwamnati ke naɗa shi da sunan Sarki, na shekara shida.

Duban magudanai bai mutu ba. Kowace kaka mai gona zai yashe magudanar da ke iyakarsa, shi rabi maƙwabcinsa rabi, ya kwashe ciyawa, ya buɗe kwalbati. Ma'aikatan hukuma su bi su duba, wanda bai yi ba a aika masa gargaɗi, in ya ƙi a yi aikin a kawo masa takardar biya. Akwai ma'aikata na musamman masu kama wani ɓeran ruwa da aka shigo da shi daga Amurka, mai haƙa ramuka cikin jinga. Lokacin da kogi ya cika, masu sintiri suna bin bayan jingar suna neman inda ruwa ke ɓuɓɓugowa. In ruwan garau ne, a sa ido kawai. In yana fitowa da yashi, to yana rarake ƙarƙashin jingar ne, sai a kewaye wurin da buhunan yashi don ruwan ya taru ya danne kansa, ba a toshe bakin ba, domin toshewa na sa ya ɓullo ta wani wuri.

Tasha ta ƙarshe Wilnis ce, tsakanin Utrecht da Amsterdam. A nan jinga ta ɓalle a watan Agustan 2003 ba tare da ruwan sama ko guguwa ba. Fari ne ya jawo. Jingar da baƙar ƙasa aka yi ta, ta bushe ta rasa nauyi, ruwan hanyar ya tura kusan mita 60 nata gefe cikin dare, ya shiga unguwa, aka kwashe mutane fiye da 1,000. Tun daga lokacin, in rani ya yi tsanani, hukumomi suna bin irin waɗannan jingogi suna neman tsaga, wani lokaci har su riƙa fesa musu ruwa daga kwalekwale.

A wannan yanki ne kuma ake fafata rigimar yau, kuma a kan santimita ake yinta. Hukuma ce ke yanke tsayin ruwan kowace magudana a rubuce. Manomi yana son a sauke shi kamar santimita 60 ƙasa da ciyawa don tarakta ta shiga da wuri, shanu kada su dame filin. Mai gida a gari irin Gouda yana son a bar shi sama, domin gidansa a kan turakun katako yake, kuma kan turken in ya fito daga ruwa ruɓewa yake yi, bango ya tsage. Masu kula da yanayi suna tare da mai gida, tunda baƙar ƙasar da ke ruɓewa iskar da ke ɗumama duniya take fitarwa. A 2022 gwamnati ta ce tana son ruwan ƙarƙashin irin waɗannan filaye ya tsaya tsakanin santimita 20 da 40 daga sama, manoma da yawa suka ce a haka kiwon shanun madara ba zai biya ba. Kowane fili sai an zauna a kansa daban, a majalisar hukumar da abin ya shafa.